Darasi na 11: Kimiyyar Gado da Ceton Damisa

A hunturun shekarar 2007, masu kula da namun daji a kusurwar gabashin Rasha suka bazu cikin daji suna bin sawu a kan dusar ƙanƙara. Ƙidayar damisar Amur suke yi, wani nau'in damisa da ba a samunsa a daji ko'ina sai a wannan yanki da tsallaken iyakarsa da ƙasar Sin. Da suka haɗa lissafi, abin da ya rage kusan 30 ne. Yau sun haura 100. Duk wanda ya ji waɗannan alƙaluma biyu zai ce shi ke nan, an tsallake rijiya da baya. Masana kimiyyar gado ba su yarda an tsallake ba tukuna, kuma dalilinsu shi ne abin da za mu koya a wannan darasi. Za mu ga mene ne DNA, da abin da ke samun dabbobi idan suka yi kaɗan har ya zama babu abokin barbara sai ɗan'uwa, da yadda ake karanta asalin dabba ba tare da an ko gan ta ba.

Damisar ƙasar ƙanƙara

Damisar Amur jinsi ɗaya ce da damisar da mafarautanmu suka sani a dazukan Afirka, sai dai wurin zama ya sauya ta. Inda take, sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, don haka gashinta kan yi tsawon santimita 7 a hunturu, launinsa ya yi haske. Namiji kan yi nauyin kilo 32 zuwa 48. Yawancin abincinta barewar wannan daji ce. A da tana yawo a faɗin Koriya da arewa maso gabashin Sin da kudancin lardin Firimoriye na Rasha. Farautar fata, da sare daji, da gobarar da ake cinnawa kowace shekara, da kashe barewar da take ci, su suka yi ta tura ta har ta maƙale a wani siririn yanki tsakanin birnin Baladibostok da iyakar Sin. A 1996 hukumar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sa ta a matakin haɗari mafi tsanani.

Abin da ya juya lamarin ba wani asiri ba ne. A 2012 Rasha ta kafa gandun daji mai suna Ƙasar Damisa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,600, aka zuba masu gadi, aka tsananta wa ɓarayin farauta. A 2016 aka buɗe hanyar mota ta ƙarƙashin tsauni, mai tsawon fiye da rabin kilomita, domin dabbobi su riƙa ratsawa ta sama ba tare da mota ta buge su ba. Sin ma ta kafa nata gandun a tsallaken iyaka a 2021, wanda ya haura murabba'in kilomita 14,000.

Ƙidaya ma ta inganta. Damisa ƙi sabo ce, mutum zai shekara a dajin da take bai yi ido biyu da ita ba. Amma rodi-rodin jikinta ba ya zama ɗaya da na wata, saboda haka idan aka ɗaure kyamara mai ɗaukar hoto da kanta a jikin bishiya, ana iya gane kowace damisa a ba ta lamba. Da haka ne wani bincike na haɗin gwiwar Rasha da Sin da ya fito a 2018 ya ƙirga manya 84. Sai dai kyamara tana da iyaka. Za ta nuna uwa tafe da ɗanta, amma ba za ta faɗi wane ne uban ɗan ba, balle ta faɗa cewa uban nan shi ne kuma ya haifi uwar.

Rubutun da ke cikin jiki

Jikin kowace dabba, har da mutum, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jikin da yadda zai yi aiki. An rubuta umarnin da sinadarai huɗu kacal, waɗanda masana ke wa laƙabi da A, T, G da C. Na mutum ya kai haruffa kusan biliyan 3, na damisa kuwa kusan biliyan 2 da rabi. Zaren a naɗe yake cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromosom: mutum yana da 46, damisa tana da 38. Rabi daga uwa suke, rabi daga uba.

Wannan rabi-da-rabin shi ne ginshiƙin darasinmu, don haka a riƙe shi da kyau. Kowane yanki na zaren da ke kula da wani aiki, kamar launin gashi ko ginin zuciya, shi muke kira ƙwayar gado, kuma kowace dabba tana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado. Idan ɗaya ya zo da lahani, sau da yawa na biyun yakan rufa asiri, dabbar ta rayu lafiya ƙalau ba wanda ya san tana ɗauke da wani abu.

Mun san wannan a gidajenmu ta hanyar cutar sikila. Mai AS lafiyarsa lau, domin A ya rufe S. Amma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Ƙa'idar ɗaya ce a damisa, sai dai ita ba lahani ɗaya take ɗauke da shi ba. Kowace dabba mai lafiya tana ɗauke da ɓoyayyun lahani da dama a wurare daban-daban na zarenta. Abin da ke kare 'ya'yanta shi ne, bare da za ta haɗu da shi nasa lahanin a wasu wurare suke, ba a nata ba.

To a ce namijin damisa yana ɗauke da wani ɓoyayyen lahani guda. 'Yarsa tana da yiwuwar ɗaya cikin biyu na gadonsa. Idan ya dawo ya barbari 'yar tasa, yiwuwar ɗan da za a haifa ya kwashi kwafi biyu masu lahani ita ce rabin ɗaya cikin huɗu, wato ɗaya cikin takwas. Wannan a kan lahani ɗaya ke nan, alhali ba ɗaya ba ne. Ba duk ɓoyayyen abu ne cuta ba, ya kamata a faɗa. Baƙar damisa, wadda ta fi yawa a dazukan Malesiya, ita ma ta gaji kwafi biyu ne na wata ɓoyayyar ƙwayar gado mai sauya launi, kuma tana rayuwarta garau. Idan rana ta haska ta sosai ana ganin rodi-rodin a ƙarƙashin baƙin.

A dajin da yake da faɗi, damisa tana da nata tsarin kauce wa dangi. Idan 'ya'ya suka kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu sukan rabu da uwa. Mace takan kama wuri kusa da uwarta, namiji kuwa sai ya yi nisa, ya je inda ba a san shi ba. Idan gonaki da tituna da garuruwa suka kewaye dajin, babu inda zai je. Wani bincike da ya fito a 2020 daga Afirka ta Kudu ya nuna wata hanyar kuma da tsarin ke lalacewa. An kwatanta gandun Sabi Sand, inda aka daɗe ana tsaron damisa, da yankin Finda da Mkuze, inda aka taɓa yi musu kisan wuce gona da iri. A wuri na biyun, da yake an kashe manyan mazan da ke korar samari, sai samarin suka yi zamansu a gida, suka riƙa haihuwa da danginsu.

Ɗan lissafi

Bayan lahani, akwai asara ta biyu wadda ta fi tafiya a ɓoye. Bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin gadon dabbobi shi ne jarinsu. Idan sabuwar cuta ta ɓulla, wasu za su mutu, wasu kuma abin da suka gada zai sa su jure, su ci gaba da zuri'a. Idan duka kusan iri ɗaya suke, abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da kowa. Wannan ba tsoron banza ba ne: a 2015 an tsinci wata damisar Amur a bakin hanya ba ta cikin hayyacinta, gwaji ya nuna wata cutar karnuka ce ta kama ta.

Masana suna da ƙa'idar auna wannan asara. Daga iyaye zuwa 'ya'ya mu kira shi hawa ɗaya. A kowane hawa, bambancin da ake rasawa shi ne ɗaya bisa ninki biyu na yawan masu haihuwa. Idan masu haihuwa 20 ne, ana rasa ɗaya bisa 40, wato kaso 2.5 cikin 100. Bayan hawa goma an rasa kusan kaso 22. Idan kuwa masu haihuwa 500 ne, asarar hawa goma ba ta wuce kaso 1 ba. A lura cewa masu haihuwa aka ce, ba duk masu rai ba. A cikin damisa 30 akwai tsofaffi da ƙanana da mazan da ba su sami yanki ba, kuma namiji ɗaya mai ƙarfi yana iya zama uban yawancin 'ya'yan da aka haifa a shekaru da dama.

Ga inda matsalar take. Yawa yana dawowa da sauri idan aka daina kisa, amma bambancin da ya ɓace ba ya dawowa don an yi yawa. Damisa 100 da suka fito daga iyaye ƙalilan, abin da iyayen nan suka bari kawai suke juyawa a tsakaninsu. Sabon bambanci yana samuwa ne ta sauyin da kan faru a zaren DNA jefi-jefi, wanda ke cin dubban shekaru, ko kuma ta zuwan baƙo. Tun kafin a fara gwajin DNA an ga alamu a damisar Amur: matsakaicin 'ya'yan da ake gani tare da uwa ya sauka daga kusan 2 a 1973 zuwa 1 a 1991. Daga baya kyamarori suka riƙa ɗauko masu fararen tafin ƙafa da masu guntun wutsiya, abin da masana ke dangantawa da haihuwa tsakanin dangi.

Yadda ake karanta damisar da ba a gani ba

A da, sai an kama dabba an yi mata allurar barci an ɗebi jininta. Aiki ne mai tsada da haɗari ga dabbar da masu kamun, kuma idan 30 kacal suka rage babu mai son ya yi kasada da ko ɗaya. Yanzu yawancin aikin da kashi ake yinsa.

Damisa tana da hanyoyin da take bi, galibi kan doron tudu ko gindin dutse, kuma takan bar kashinta a fili kusa da inda ta karci ƙasa, domin sanar da sauran cewa wurin da mai shi. Mai bincike zai tsuguna, ya sa safar hannu don kada nasa DNA ya gauraya, ya ɗauki hoton wurin, ya rubuta lambar taswira. Ba tsakiyar kashin yake nema ba, domin can gashi da ƙasusuwan abin da ta ci ne. Bayansa yake kankarowa, inda 'yan ƙwayoyin halitta daga bangon hanjinta suka manne yayin fita. Sai ya zuba cikin 'yar kwalba mai sinadarin hana ruɓewa, ya rufe, ya manna lamba. A Rasha sanyi yana taimakonsa, domin kashin kan daskare ya daɗe bai lalace ba. A ƙasashe masu zafi kuwa, rana da ruwan sama da buzuzu kan riga shi.

A ɗakin gwaji, DNA ɗin da aka samu ɗan mitsitsi ne kuma a kakkarye. Sai a sa shi a injin PCR, irin wanda aka yi ta gwajin korona da shi, ya kwafi yankin da ake so sau miliyoyi har ya isa karantawa. Tambaya ta farko ita ce ko kashin ma na damisa ne, domin a wannan daji akwai taiga, babbar 'yar'uwarta mai zane-zane, da wasu maciya nama. Ta biyu, mace ce ko namiji. Ta uku, wace ce.

Amsar ta uku tana fitowa daga wasu wurare a zaren inda haruffa ke maimaita kansu, kamar CACACACA. Yawan maimaicin ya bambanta daga dabba zuwa dabba, kuma kowace tana da lamba biyu a kowane wuri, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. Misali, a ce ɗan damisa yana da 12 da 15 a wani wuri, uwarsa kuma tana da 12 da 14. Ke nan 12 daga uwa ya samo, 15 kuwa dole daga uba. Duk namijin da ba shi da 15 an wanke shi. Wuri ɗaya ba ya isa yanke hukunci, amma idan aka duba wurare goma sha, sai a sami jerin lambobin da ya keɓanta da dabba ɗaya. Wani masani mai suna Alec Jeffreys ne ya buɗe ƙofar wannan fasaha a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, kuma da jikokinta ne kotuna ke tantance uban yaro a yau. Da yake DNA na kashi ba shi da inganci, akan maimaita kowane gwaji sau da yawa kafin a amince. Mai gaggawa a nan yana iya mayar da damisa ɗaya ta zama biyu a takarda.

Akwai kuma wani ɗan guntun DNA da ake gada daga uwa kaɗai, wanda da shi ake bin salsalar zuri'a zuwa dubban shekaru. Irin wannan bincike ne ya gyara rabe-raben damisa. Masanan da, waɗanda ke duban launin fata da girman ƙoƙon kai, sun raba ta gida 27. Binciken gado ya mayar da su 8 a 1996, sannan 9 a 2001. Wannan ba gardamar malamai kawai ba ce, domin da wannan rabo ake yanke wace damisa za a haɗa da wace, da inda za a kashe kuɗin kariya.

Uba na Biyu

Tun 1961 gidajen namun daji suka fara kiwon damisar Amur, daga iyaye tara da aka kamo a daji. Akwai littafin zuri'a da ake rubuta kowace haihuwa, kuma kowane ɗaya daga iyayen farko yana da lamba. Na biyu a jerin namiji ne da ya yi 'ya'ya da yawa, har jininsa ya shiga yawancin waɗanda ke tsare. An daɗe ana shakkar asalinsa.

A 2002 wata masaniya 'yar Rasha, Olga Uphyrkina, tare da Stephen O'Brien na Amurka da abokan aikinsu, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa na daji da na tsare. Abu biyu suka gano. Na daji bambancinsu ya yi ƙasa ƙwarai, ya yi daidai da na dabbobin da aka riga aka san dangantaka ta yi musu illa. Na tsare kuwa sun fi su bambanci nesa ba kusa ba, amma wani ɓangare na wannan arziki daga Uba na Biyu ya zo, kuma shi ba ɗan Amur ba ne. Damisar arewacin Sin ce.

Sai masu kiwo suka shiga tsaka mai wuya. Idan suka ce sai tsantsar jinin Amur, za su ware mafi yawan dabbobin da ke hannunsu, su koma haɗa 'yan kaɗan da suka rage, waɗanda dangin juna ne. Idan suka bar shi, za a ce abin da suke kiwo gauraye ne. Suka bi tsakiya, suka riƙa zaɓen waɗanda kason Uba na Biyu ya yi ƙasa a jikinsu. Ana nan sai a 2017 kwamitin masana dangin kyanwa na IUCN ya sake duba rabon, ya ce damisar Amur da ta arewacin Sin kusancinsu ya isa a ɗauke su gida ɗaya. Dama kafin mutane su datse dajin, ƙasarsu a haɗe take, maza suna kai da kawowa.

Ra'ayin mai wannan darasi shi ne, an ba tsarkin jini muhimmancin da ya wuce kima. Abin da ake so a ceta dabba ce mai iya haihuwa da jure cuta da kama barewa a cikin ƙanƙara, ba suna a littafi ba. Amma masu taka-tsantsan ma suna da hujja. Idan aka haɗa dabbobin da suka daɗe da rabuwa, kowace ta saba da irin ƙasarta, 'ya'yan na iya fitowa ba su dace da ko'ina ba. Binciken da ya fito a 2021 ya nuna cewa damisar Afirka da ta Asiya sun rabu tun kimanin shekara dubu 500 zuwa 600. Babu mai hankalin da zai ɗauki damisar Afirka ya kai Rasha. Amfanin gwajin gado shi ne ya auna nisan, a san wane baƙo ne na kusa.

An taɓa gwada kawo baƙo, kuma ya yi aiki. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wata babbar kyanwar daji, fuma, da ta ragu zuwa 20 ko 30 a farkon shekarun 1990. Wutsiyarsu ta lanƙwashe, zuciyar wasu da huji, maza da yawa marainansu ba su sauko ba. A 1995 aka kawo mata takwas daga Teksas aka saka, biyar daga ciki suka haihu. Cikin shekaru goma sha yawansu ya ninka uku, lahanin ya ragu sosai, kuma hukumomi yanzu suna ƙiyasta manya 120 zuwa 230. Sai dai motoci suna ci gaba da kashe su a kan titi kowace shekara, kuma da yake har yanzu a killace suke, amfanin wancan sabon jini zai riƙa raguwa da tafiyar lokaci.

Damisar Larabawa

Wadda ta fi kowace ƙanƙanta a dangin ita ce ta tsibirin Larabawa, inda namiji kan yi kilo 30, mace 20. Ƙiyasin 2023 ya ce 100 zuwa 120 suka rage a daji, yawancinsu a duwatsun Zufar na ƙasar Oman da kuma Yaman. Wani masani ɗan Oman, Hadi al-Hikmani, ya shafe shekaru yana tara hotuna da kashi a waɗannan duwatsu. Binciken da ya fitar da abokan aikinsa a 2024 ya ƙiyasta kusan 51 a Zufar, ya kuma sami abin da aka samu a Rasha: na daji bambancinsu ya yi ƙasa, na tsare suna riƙe da wasu ƙwayoyin gado da babu su a dajin Oman. Lissafin kwamfuta da suka yi ya nuna cewa sakin wasu daga na tsare, idan an zaɓe su da kyau, zai iya ƙara wa na dajin kwana.

Ana kiwon su a Sharja da Oman da kuma Ɗa'ifa, garin da alhazanmu da yawa suka sani, kuma Saudiyya tana shirin mayar da su yankin Al'ula. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 10 ga Fabrairu ta zama ranar damisar Larabawa. Sakin dai ba ƙaramin aiki ba ne. Damisar da aka haifa a keji sai ta koyi farauta da gudun mutum, sai an dawo da awakin dutse da barewar da za ta ci, sai kuma makiyayan yankin sun yarda, domin idan ta rasa nama raƙumansu da awakinsu za ta faɗa wa.

Fata a kasuwa

Damisar Afirka ta fi kowace babbar kyanwa arzikin bambancin gado, kamar yadda wani bincike na 2021 ya nuna. Kada wannan ya ruɗe mu, domin gadon zamanin da take cike da nahiyar ne. Wani nazari na 2016 ya gano cewa damisa ta rasa kaso 63 zuwa 75 cikin 100 na ƙasar da take a da a duniya, kuma a Afirka ta Yamma asarar ta haura kaso 85. Abin da ya rage mana tsibirai ne na daji da ba sa haɗuwa: Niyokolo-Koba a Senegal, gandayen W da Arli da Panjari da suka ratsa Nijar da Burkina Faso da Benin, da Gashaka-Gumti a Najeriya, da wasu kaɗan. Lissafin da muka yi a sama yana aiki a kansu kamar yadda yake aiki a Rasha.

A nan gwajin gado yana da wani amfani na daban. Tun 1975 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin fatar damisa tsakanin ƙasashe, in ban da 'yan keɓantattun izini, amma fatar ba ta daina tsallake iyaka ba, don ado da sarauta da magani. Idan jami'an kwastan suka kama fata, ɗan yanki kamar farce ya isa a ciro DNA, in dai jima ba ta lalata shi ba. Sai a kwatanta da lambobin damisar yankuna daban-daban, a gano dajin da aka kashe ta. An yi haka a Indiya da fatun da aka ƙwace. An yi a Afirka ta Kudu ma, inda mabiya cocin Shembe ke yafa fatar damisa a bukukuwansu, aka gano cewa fatu da yawa daga ƙasashen maƙwabta ake shigo da su. Tun 2013 ƙungiyar Panthera, tare da shugabannin cocin, take raba fatar roba mai kama da ta gaske. Sharaɗin wannan aiki shi ne a riga an tara samfur daga kowane daji, domin fatar da ba a da abin kwatanta ta da shi ba za ta faɗi garinsu ba. Tara wannan samfur aikin masu gadin daji ne da mafarautan da suka san hanyoyin da damisa ke bi.

Tambayoyi da aikin aji

1. Wane abu ne gwajin DNA ke nunawa wanda kyamarar daji ba ta iya nunawa?

2. A wani daji damisa masu haihuwa 10 ne suka rage. Wane kaso na bambancin gado za a rasa a hawa ɗaya? Idan 50 ne fa?

3. Ɗan damisa yana da 9 da 13 a wani wuri na zarensa. Uwarsa tana da 9 da 11. Akwai maza uku a yankin: na farko 9 da 11, na biyu 10 da 13, na uku 13 da 13. Wa aka wanke, kuma me za a yi don raba gardama tsakanin sauran?

4. Ku kasu gida biyu. Gida ɗaya ya kare masu cewa a cire jinin Uba na Biyu daga kiwo, ɗayan ya kare masu cewa a bar shi. Kowane gida ya kawo hujja biyu daga darasin.

5. Ku tambayi wani dattijo ko tsohon mafarauci a garinku ko an taɓa samun damisa a yankin, a wane daji, kuma yaushe aka yi mata ganin ƙarshe. Ku rubuto amsarsa cikin layi goma, ku zo da ita aji na gaba.